Kwanon Ciyayyar da Na Daina Aikawa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Takur, Dutse.

Mun daɗe muna ciyayya da maƙwabciyata Iya Rabi, dattijuwa mai riƙon marayu biyu. Da azumin bana sai kwanona ya riƙa dawowa wayam. Na ji haushi, na ce rowa ce, na daina aikawa. Alhali kullum ina cikin matan da ke dama kunun sadaka na masallacinmu.

Bayan Sallah na tarar sun koma Miga. Mai gidan da suke haya ya ce, "Ai Hajiya, tuwonki ne kaɗai abincinsu."

Na ciyar da baƙi, na bar maƙwabciyata da yunwa. Malama, da wane ido zan je neman gafararta? Ku ba ni shawara.