Ranar da Oga Sande Ya Goge Hoton Baba

Injin taliyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Ke Ummi, daina dariya, wannan injin shi ke riƙe da gidanmu na Sheshe a Kano tun da Baba ya daina fita kasuwa. Aurena ya mutu, ɗana Sadiku yana tatata, ga takardar koyon tafireta a ƙasan akwati tana shan ƙura. Sojoji sun koma bariki, kowa cewa yake farar hula ta zo, arziki na zuba a Ikko. Kawu Sule ya ce mace ba ta ci-rani. Na ce Kawu, yunwa ma ba ta tambayar mace ce ko namiji. Na bar Sadiku wurin Inna, na hau mota.

A Agege na sauka, ɗakin Yaya Binta, 'yar wan Baba. Mai gidan, wai shi landilodi, kullum yana tsaye bakin famfo kamar shi ya haƙa teku.

"Hausa! Kullum wanke ƙafa, kullum wanke ƙafa!"

Na ce, "Baba, wanda ya ce in wanke, shi ya saukar da ruwan."

Sai ya bi ni da harara.

Aiki kuwa na samu a wani shago da suke kira bizines senta, na wani Oga Sande. Kwamfuta, firinta, injin hoto, da janareta mai tari kamar tsohon ɗan taba. Ya ɗauke ni ne don Hausawan Agege sun fi sakewa da mai jin yarensu. Masu goro da masu shanu su zo in buga musu wasiƙa, 'yan siyasa su zo da fosta. Ni ce nake buɗe shago, ni ce nake rufewa, amma har na bar wurin bai iya sunana ba. Rabi, abu mai sauƙi, shi sai Robi, kamar wani kare.

To ƙanena Auwalu, babanku ke nan, yakan turo mini hotunan gida ta imel, da kyamarar wani abokinsa. Akwatin imel na lokacin ɗan ƙarami ne, sai in sauke hoto in ajiye a kwamfutar shago, in share na ciki. Akwai wanda Baba ke zaune a zaure ranar Sallah, Sadiku a cinyarsa ya cafke masa gemu. Ba a jima ba Baba ya rasu. Ban samu jana'iza ba. Wannan hoton shi nake buɗewa kowace safiya kafin in taɓa komai.

Ran nan wani mai neman ciyaman ya turo yaransa. An aiko masa zanen fosta ta intanet, yana so a sauke a buga kafin taron yamma. Na danna. Abu ya yi tafiya ya yi tafiya, ya kusa ƙarshe, sai kwamfuta ta yi ƙara ta rubuto: lo dis ispes. Wato wai ciki ya cika, babu wurin ajiya. Na sake, haka. Na duba ma'ajiyar, ga fili nan fetal, ko rabi ba a ci ba. Na kira Oga na nuna masa.

"Oga, ƙarya take yi. Dubi wuri."

"Kwamfuta ba ta ƙarya! Ke kika cika mini ita da tarkacen ƙauyenku."

Ƙauye! Birnin da aka yi wa ganuwa tun kakanninsa ba su san takalmi ba. Na haɗiye wannan. Na ce hotunana duka ba su kai kan allura ba a cikin wannan fili, ya bari a kira mai gyara. Ya ce dilit, wato in share su. Na ce ba zan dilit ba. Ya ture ni daga kujera a gaban mutane, ya share su da hannunsa, har kwandon sharar kwamfutar ya zazzage. Sannan ya gyara zama, ya danna, yana kallona.

Abu ya yi tafiya ya yi tafiya. Lo dis ispes.

Ban yi kuka ba, kada ku ɗauka na yi.

Dole ya aika aka ɗauko Ingozi, wata Inyamura mai gyaran kwamfuta, 'yar gajeriya da jakar sukundireba. Ta ɗan latsa nan da can, ta yi tsaki. Ta ce ma'ajiyar kashi biyu aka raba ta, ƙarami da babba. Ni yadda na fahimta, kamar zaure ne da tsakar gida. Duk abin da aka sauke sai ya fara tsayawa a zaure kafin ya wuce ciki, zauren kuwa ya cushe da ragowar abin da kwastomomi ke buɗewa tun da aka sayi injin, ba a taɓa sharewa ba. Ta kwashe sharar, ta karkatar da saukar kai tsaye zuwa babban wuri. Fosta ta sauka sumul.

Na ce, "Hotunana a ina suke?"

Ta ce, "A babban. Ba ruwansu da wannan."

Ta yi iya ƙoƙarinta ta dawo mini da su, Allah ya saka mata. Wasu suka dawo. Na Baba bai dawo ba, abokin Auwalu kuma ya daɗe da share nasa.

Oga ya aika aka sayo mini lemo mai sanyi, wai shi ke nan an shirya. Na ture kwalbar gefe, na naɗe hannu. Yaran ciyaman na jira, masu goro sun yi layi.

"Robi, taif! Buga musu!"

"Sai ka faɗa a gabansu cewa ba ni ba ce."

"Ni ne oganki!"

"Ka taif da kanka, Oga."

Wani Alhaji mai shanu ya miƙe ya ce in yarinyar nan ba ta buga ba, su ma sun tafi. Oga ya yi gumi, ya ce sori can cikin maƙogwaro. Na ce ban ji ba, janareta na ƙara. Ya faɗa da ƙarfi. Na buga musu aikinsu tsaf, wata na ƙarewa na haɗa kayana.

Da tsohuwar kwamfuta guda na dawo Kano, Ingozi ce ta harhaɗa mini ita, na rungumo ta a cinya tun daga Ikko. Na kama ɗan shago a Koki. Dattawan layin suka ce ba a taɓa ganin mace ta zauna shago tana latse-latse ba, wani Malam Hadi ma har gida ya bi Inna da ƙorafi. Na ce a bar shi.

Da bikin 'yarsa ya matso, sai ga shi da kansa, yana so a buga katin ɗaurin aure, yana kutsawa gaban mutane.

Na ce, "Sannu da zuwa, Malam. Bi layi."