Sabon Injin Hura Ganye

A tashar Gwandu ana jiran motar Kalgo ta cika. Wani magidanci na rungume da sabon injin hura ganye, wani dattijo na kallonsa.

"Malam, mi ya same shi?"

"Ya ƙi tashi, Baba. Ko igiyar ba ta jawuwa. Shagon Alhaji Bawa zan mayar, in ce haka na fiddo shi daga kwali."

"Ka gauraya fetur ɗin da baƙin mai?"

"Wane baƙin mai? Zalla na zuba, kuma jiya ya share mini tsakar gida tas kafin ya ɗauke."

"Af, ashe ya tashi! Ai kai ka ƙona shi."

"Yi a hankali, Baba. Alhaji bai sani ba."

"Zai sani. Ƙanena ne, wurinsa za ni. Matso mu zauna tare."