Kasuwar da Ba a Taya Kaya

A tashar Goronyo ana jiran motar Sakkwato ta cika. Inna Uwaliya mai sayar da albasa ta ƙura wa ledar wani saurayi ido. An samar wa ɗanta Siddiq aiki a wani katafaren kanti a Abuja, ita kuwa ta kasa cewa ya tafi.

"Ɗana, wagga leda ta manyan kantunan Abuja ce?"

"Ita ce, Inna. Mol aka ce mai. Kasuwa guda cikin ɗaki, ga sanyi kamar cikin randa. Matakala ma ita ka tahiya, kina tsaye."

"In ta wuce da mutum fa?"

"Sai ki hau mai dawowa. Ni wuni na yi ina hawa ina sauka."

"To mi ka sayo?"

Saurayin ya gyara zama. "Takalmana na ciki. Na ga wurin tas kamar masallaci, na tuɓe su bakin ƙofa, mai gadi ya biyo ni da su cikin leda."

"Ba ka yi ciniki ba ke nan."

"Na taya agogo. Yarinya mai sayarwa ta nuna min takardar farashin da anka manna."

"Ba ta ce albarka ba?"

"Ko gaisuwa ba ta amsa ba. Can ba a tayi, ba a tambayar mutan gida."

Inna ta gyara lulluɓi.

"Gobe Siddiq zai tahi. Tun yana ƙarami bai iya gaisuwa ba, bai iya ciniki ba, ina ta kai shi wurin malamai. Ashe irinsu anka gina ma kasuwa."