Ranar da Baturiya ta sa na kama sunan surukina

To, ku matso, tunda kun nace. Kuɗin da na tafi Landan da su, fulotin Inna ne na Rijiyar Zaki aka sayar. Ta miƙo min su ƙulle a ɗankwali, ta ce in na cinye su a banza kada in dawo mata da dogon turanci.

A Woolwich na sauka. Wata uku ina cewa Wulwic, yaran Hausawan can suna tuntsira dariya. Ashe Wulij ake cewa, sauran haruffan ado ne. Mai gidan da na kama ɗaki kuwa, ina kunna hita zai buga ƙofa: "Nas, kashe!" In ce, "Oga, daga Kano na zo, ba daga firji ba." Amma ba shi ne labarin ba.

Aikina tuƙa motar raba kaya. Na auri Hajara, 'yar wani likita da ke Croydon, muna ce masa Baba Likita. Dattijo ne mai tsare gida, kullum in na je gaisuwa sai ya ce, "Ku yaran yanzu, gaggawa ce za ta kashe ku." Ni dai kaina a ƙasa, sai "Haka ne, Baba."

Rannan kyamara ta ɗauke ni na wuce ƙa'idar gudu a titin da aka ƙayyade mil ashirin, gudun da ko mai keke zai raina. Can ba ɗan sandan da za ka ce wa ranka ya daɗe, wasiƙa ce kawai za ta same ka a gida. Ko in je kos na rabin yini da ake yi wa masu gudu da mota, ko a ƙara min maki uku. Ina da tara a wuya, in suka kai sha biyu lasin ya tafi, aiki ya bi shi, ga Hajara da tsohon ciki. Na yi booking, na roƙe ta don Allah kada babanta ya ji.

A ɗakin taro na wani otal ake yi. Ina shiga na hango wata hula zanna bukar a kan kwat. Baba Likita ne, ya sa tabarau yana ta nazarin silin.

Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, sai ga ni tsugune. "Ina kwana, Baba?" Malamar, wata Baturiya mai gajeren gashi, ta rugo da kofin ruwa, ta zaci faɗuwa na yi.

"Tashi, Nasiru," in ji Baba ta gefen baki. "Kana tara mana jama'a."

Da ta ji mun san juna, sai ta yi murna ta haɗa mu tebur ɗaya. Wai kowa ya tashi ya gabatar da abokin zamansa, ya faɗi sunansa da gudun da aka kama shi yana yi. Ku ji fa! Ni, in kama sunan surukina, kuma in tona masa asiri a gaban Turawa?

Layi ya zo kaina. Na miƙe na ce, "Wannan Doctor ne."

"Doctor wa?"

Ta duba takardar da ke manne a ƙirjinsa, ta ce ai ga shi nan, in karanta. Na ce idona ba ya gani sosai. Ta ce, "Kuma kana tuƙi?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Sai ta daina murmushi, ta ce wanda bai sa baki a darasi ba, ba za ta rubuta ya kammala ba. Wallahi na ji tsoro, zufa ta karyo min cikin sanyin nan.

Baba ya jawo gefen rigata. "Faɗi mana, ko so kake a yi cancel ɗinka 'yata ta haihu a titi?"

"Baba, ba zan iya ba."

"Ni na sa ka. Amma gudun, ka rage."

Na rufe ido na faɗi sunan, har harshena ya yi ɗaci. Gudun kuwa ban rage ko ɗaya ba, tunda malama na riƙe da takarda. Ashe dattijon ya fi ni da mil huɗu! Har aka tashi bai ƙara kallona ba. A bakin ƙofa ya ce, "Taron likitoci na zo. Ka gane?" Na ce, "Ya yi albarka, Baba."

Lasina ya tsira, da shi na tuƙa har na sayo wa Inna wani filin na dawo gida.

Me ka ce, Sadiku? Sunansa? Kai, tashi ka ba ni wuri. Sau ɗaya na faɗa, shi ma da aikina a bakin rami.