Kuɗin da ba ya shiga gwangwani

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni dattijo ne mai butik, wato ɗan shago, a Attantane. Tun ina saurayi gwangwani biyu nake zuba ciniki, na uwar kuɗi da na cefane. Da na girgiza, na san ko zan iya saro sukari a Mayahi.

Bana ɗana Sani ya koya wa mutane biya ta waya. Kaya na ƙarewa, gwangwani ba nauyi. Ya ce, "Baba, kuɗinka na cikin waya." Na ce, "To, kaɗa ta in ji!"

Masu sauraro, yaya ake ware uwar kuɗi a waya, kada cefane ya cinye ta? Sanin ne ke rubuta min wasiƙar nan, yana ta dariya.