Kalmar “Sanyi” da Almakashin da Na Wasa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, ’yan’uwana na zumuntar maza. Na ji daɗi da babu mata a nan yau, don abin da zan faɗa na daɗe ina haɗiye shi.

Sunana Bulus, tela ne ni. Na zo Kano daga ƙauyenmu a shekarun da kuɗin mai ya fashe, lokacin da kowane masinja yake son kwat da wando. Shagona yana Fagge, ɗakina yana Sabon Gari, mu biyu da abokina Ishaya. An riga an kai kayan tambayata gidan su Rahila, ’yar Baba Dogara, dattijon ikilisiyarmu. Wata huɗu ya rage a ɗaura mana aure.

To, ina da wata ɗabi’a ta ɓoye. In na kaɗaita, ina biya wa kaina bukata da hannuna. Na faɗa, kuma ƙasa ba ta tsage ba! Ana nan sai na fara jin zafi a maraina ta dama duk lokacin da na yi, wurin kuma ya riƙa kumbura yana sacewa. Na ce wannan bulalar Allah ce, ba aikin likita ba. Na daina, amma zafin bai daina ba.

Wata rana Ishaya ya ga ina tafiya a karkace, ya matsa mini da tambaya. Kunya ta hana ni gaskiya, sai na ce masa sanyi ne ya kama ni a gaba. A ƙauyenmu, in mutum ya kwana a kan daɓe jikinsa ya yi tsami, haka ake cewa. Ni baƙauye, ban san a bakin mutanen Sabon Gari “sanyi” cutar da ake kwasowa wajen matan banza ba ce.

Ishaya ya sani sarai, kuma ya san ban taɓa taka waɗannan gidaje ba. Duk da haka ya tafi wajen Baba Dogara da fuskar tausayi, wai lamiri ne ya hana shi yin shiru. Kafin mako ya zagayo an dawo mini da kayana a ɗaure. Ishaya ya kwashe tabarmarsa ya bar ɗakin, kuma ba a daɗe ba na gan shi yana riƙe wa Rahila littafin waƙoƙi bayan sujada.

’Yan’uwa, na tsani mutumin nan! Na tsane shi har abinci ya daina yi mini daɗi. Addu’ata ta koma iri ɗaya: Ubangiji, ka kuturta shi, ka ruɓar da harshensa, ka bar ni in gani. Da na ga Allah yana ɓata mini lokaci, sai na ɗauki babban almakashina na yankan yadi na kai wa mai washi. Ya tambaye ni ko fata zan koma yanka, na ce masa kusan haka ne. Niyyata in tare Ishaya a ƙofar majami’a, in yi masa tsagar da duk mai kallon fuskarsa zai san maƙaryaci ne.

Ran Lahadi da safe na soke almakashin a ƙugu na fito. Ina isa shataletalen Bata sai wani ciwo ya murɗe ni daga mara har ciki, na faɗi ina amai. Alhaji Rasaki, Bayaraben da nake sayen yadi a wurinsa a Fagge, shi ya gane ni. Ya sa aka cusa ni a sabuwar motarsa, bai ko damu da kujerun ba, ya kai ni asibiti.

Da aka kwance mini wando, almakashin ya faɗi ƙasa da ƙara. Likitan, wani dattijo, ya dube shi ya dube ni. Ya tambayi yaushe zafin ya fara, kuma ina me nake jin sa. Na rufe ido na gaya masa komai. Ina jiran faɗa, sai na ji ya ce:

“Malam Bulus, gwaiwa ce. Hanjinka ne ya sauko, yau ya maƙale. Ba mace ce ta sa maka ba, ba kuma hannunka ba. Ranar da ka ga kumburi, ko zafi ya ƙi tafiya, ranar ya kamata ka zo. Da ka kai gobe, da gawa za a kawo mini.”

A kan gadon da ake tura ni ɗakin tiyata na yi addu’ar gaskiya ta farko cikin wata biyu. Na ce Yesu, na fito in yanka mutum, ga shi ni za a yanka. Ka karɓe wannan wutar daga zuciyata, ni na kasa kashe ta.

Da na warke na kai wa Baba Dogara takardar likita. Ya karanta, ya tambaye ni me ya hana ni magana tun farko. Nan ma sai da na faɗi abin da nake ɓoyewa, a gaban surukina, gumi yana zuba. Sai ya ce in aiko a sake kawo kayan.

An tsayar da Ishaya a gaban ikilisiya ya janye maganarsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin ganin ya sha kunya, kuma sai da na shekara kafin na iya amsa gaisuwarsa. Ranar da ya kawo mini ɗinki na zagaya masa tef a wuya, na auna shi kamar kowa, ranar na san an ’yantar da ni.

Ga almakashin nan, ku gan shi. Da shi na yanka rigar auren Rahila.

Godiya ta tabbata ga Yesu da ya kayar da ni a Bata kafin in kai ƙofar majami’a. Ɗan’uwa, in kana da ciwo a wurin da kake jin kunyar faɗa, ka dogara ga Ubangiji, ka tafi wajen likita gobe, ka kuma kira abin da sunansa. Amin.