Gidan Obaca a Gindin Tsauni

Awarwaron uwarku ne ya kai ni Japan. Ku ajiye wayoyin nan, ya aulad, ku ji. Ta cire shi ta kai kasuwa ta sayar, kafilina, wanda takardar zamana a ƙasar nan ke hannunsa, ya cika sauran, don shi ma da tasa buƙatar. Yana da tashlih, inda ake farke tsofaffin motoci, kuma abokin cinikinsa, wani ɗan Pakistan, yana neman mai kwance inji a can. Na bar ku a unguwar Karantina, a gidan da babana ya gina da hannunsa.

Ni na zaci Tokyo za a kai ni. Ina! Jirgin ƙasa ya miƙa ni ga wani, wannan ya miƙa ni ga wani ɗan mitsitsi mai tarago ɗaya, ya yi ta kutsawa cikin duwatsu har muka rage daga ni sai direba. Garin a kwari yake, tsauni gabas tsauni yamma, rafi a tsakiya, hanya ɗaya tak tana bin rafin. Rana ba ta leƙowa sai hantsi, da la'asar kuma tsauni ya haɗiye ta. Ku da kuka saba ganin tana faɗawa teku ba za ku gane ba.

Kanti ɗaya ne, sai gidan waya, sai wani ɗan asibiti da likita ke zuwa ranar da aka sa masa. Akwai gidan wanka na ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, onsan suke ce masa, tsofaffi zaune a ciki haihuwar uwarsu. Sau ɗaya na leƙa, na yi a'uziyya na koma wa bokitina. Makaranta kuwa saura ƙiris a rufe ta, ba yara.

Maigidan nawa, ɗan Pakistan ɗin nan, Shaco ake ce masa, wato oga. Kullum faɗanmu a kan gaisuwa.

"Ka ce sumimasan, ka rusuna."

"Shaco, ban taka kowa ba. Haƙurin me zan bayar?"

"Bayar kawai, a nan ba a tambaya."

Abin da ya fi ɗaure mini kai gidaje ne. Manya-manya, na katako, a kulle, ciyawa ta cinye ƙofa. Masu su sun mutu, 'ya'yan sun tafi birni. Ina wuce su kullum ban damu ba, sai ranar da uwarku ta kira.

"Baban Usama, an rubuta izala a bangonmu."

Kun san jan fentin nan, ma'anarsa rusau. Na samu Shaco, ya ce takardun iyali za su yiwu in na nuna gidan da zan ajiye ku. A ofishin gari da suka ji ina da yara, har da tafi. Aka haɗa ni da wata tsohuwa maƙwabciyar tashlih ɗinmu, Obaca, wato kaka, mai gidan iyayenta a kan tudu bayan gonakin shinkafa.

Muka hau mu uku, tana dogara sanda, Shaco na tafinta. Ɗakuna a jere, tabarma shimfiɗe ko'ina, ruwan tsauni har cikin kicin. A raina har na raba muku ɗakuna. Sai ta tsaya gaban wani baƙin akwati kamar kabad, ta buɗe. Cikinsa ruwan zinare, da hotuna, da ɗan kwano.

"Ta ce ba haya, ku zauna kyauta," in ji Shaco. "Amma gwiwarta ta daina hawa tudun nan. Kowace safiya za ka sa wa iyayenta shinkafa da ruwa, ka kunna turare, ka gaishe su."

"Iyayen suna ina?"

Ya nuna akwatin da haɓa.

"Ce mata zan share, zan goge, zan gyara rufi. Akwatin dai a rufe shi."

Ta amsa a hankali, ba fushi.

"Ta ce, su zauna a duhu baƙi na cin abinci a ɗakinsu?"

"To a saukar da shi gidanta."

"Ta ce nan suka sani." Ya rage murya. "Malam, cokali ɗaya ne fa na shinkafa."

"Kai za ka sa?"

Ya ɗaga kai yana duba rufi.

Na nemi wasu gidajen. Wannan da nasa akwatin, wancan an rasa magada, wani ƙanƙara ta danne rufinsa. Na gaya wa uwarku komai, ta ce, "Halas, shi ke nan, dawo. Ba zan raini 'ya'yana suna gaida akwati ba." Gaskiya ta faɗa, amma na ji haushin tsohuwar nan ƙwarai. Ranar da zan taho ta kawo mini busassun 'ya'yan itace a tasha, ta rusuna, na rusuna, ko fuskarta ban kalla ba.

Na tarar da ku a nan unguwar Waziriyya, ɗaki ɗaya, kuna barci kai da ƙafa. Washegari na ce bari in je Karantina in ga wurin. Fili ne fetal, ba lungu ba masallacinmu. Na yi ta zagaye ina neman inda ɗakin Inna mahaifiyata yake, ɗakin da ta cika a hannuna. Na taka nan, na taka can, ban gane ba. Wani mai gadi ya ce, "Ya hajj, me ka yar?" Na ce ba komai.

Tun ranar ban ƙara jin haushin Obaca ba. Yalla, a tashi a naɗe katifu, mutum ya samu wurin salla.